Muryar Mudassir

Ke Walida, kife wayar nan. Ku matso. Wanda ya yi dariya kuma ya kwana a tsakar gida.

Kun san Mudassir na bayan masallaci, wanda ba ya magana? Da can baki gare shi kamar rediyo. Da laftof yake koyar da ɗalibai daga ɗakinsa, 'yarsa Siyama na rarrafe a ƙafafunsa. Ita kaɗai Allah ya ba shi. Ko ƙuda bai yarda ya taɓa ta ba.

Sai sabis ya fara yi masa tsiya. Yana cikin darasi komai zai tsaya cak. Ɗalibai su ga bakinsa na motsi, maganar kuwa sai can ta iso. Ya kashe ya kunna. Ya canza layi. Ya goge manhajoji. A shagon mai gyara laftof lafiya lau, a gida sai a hankali.

Ranar nan ya hau rufi, ya lura. Duk sanda iska ta kaɗa, wani reshen tsamiya ke gifta gaban eriyarsa. Ya ce sai ya sare shi.

Mahaifiyarsa ta ce, "Kai Mudassir, ba a sare tsamiya haka. Yi wa masu ita sallama, ka ba su kwana su kwashe kayansu."

Ya ce, "Inna, ina da darasi."

Da almuru ya hau da gatari. Ko bisimilla babu. Ya yi sara, ya ƙara. Sai ga wata mata a gindin bishiyar, doguwa, da zanen goyo amma bayanta babu kowa. Ta ɗaga kai. Bakinta na motsi da sauri, ba sauti. Ya ɗauka bebiya ce. Ya kai saran ƙarshe, reshe ya faɗi, rim!

Sannan muryar ta iso kunnensa.

"Dakata! Ɗana na barci a kai!"

Wallahi gatarin sai da ya suɓuce masa. Matar ta durƙusa, ta ɗauki wani abu daga cikin ganye, ta goya. Ba ta yi kuka ba. Kallonsa kawai ta yi, ta juya.

Sabis fa ya gyaru. Gudu kamar me! Amma washegari ya gaida Inna da safe, gaisuwar ba ta fito ba sai da hantsi. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, a banza. Ya ce shi ke nan, ta rama, ya ɗauka.

Ashe jira take.

Siyama ta fara tafiya. Wata la'asar yana kan rufi yana ɗaure eriya, ya hango murfin rijiya a buɗe. Ya hango Siyama ta nufi rijiyar, tana taku ɗaiɗai, tana dariya. Uwarta na ɗaka, taku kaɗan tsakaninsu. Kira ɗaya ya isa.

Ya buɗe baki. Ya yi ihu har jijiyar wuyansa ta tashi.

Shiru.

Ina wurin zaman makoki, da kunnena na ji. Yana zaune, kai a sunkuye, bakinsa a rufe. Sai murya ta tsage tsakar gidan.

"Dakata! Siyama, dakata!"

Tun ranar bai sake furta kalma ba.

To, kar in ga ɗayanku ya bi ta gindin tsamiyar nan shi kaɗai. In kuwa dole ta kama, ku yi sallama, ku tsaya har a amsa.