Inuwar da Ta Shiga Ɗakin Fiddausiya

"Ɗiyata, duba nan ki gaya mini... wane ne wanga?"

Hajo, gwaggon Alƙasim, saurayin da zai auri Fiddausiya, ta miƙo wayar har gaban fuskarta. Bidiyo ne na daƙiƙa arba'in, baƙi da fari. Da farko ƙofa ce a rufe, haske ya zane ta sili-sili. Sai inuwar namiji ta hau bango, doguwa har rufi, tun ba a ga mai ita ba. Sai takalma suna takowa a hankali. Hannu ya tura ƙofar.

Nan ya yanke.

Ƙofar ɗakin Fiddausiya ce, kuma duk wanda ya taɓa shiga gidansu a Madawa ya san ta.

"Inna, fim ne... wallahi fim ne."

Hajo ta ce su ma sun san fim, ana ganin fuskar kowa. Wanda aka ɓoye wa fuska kuwa, akwai dalili. Fiddausiya ta roƙe ta ta zauna a nuna mata sauran, amma matar ta gyara mayafi ta ce ba kallo ya kawo ta daga Karofane ba. Ta zo ne ta faɗa cewa maganar aure ta tsaya.

Sana'ar Fiddausiya ɗaukar bidiyon buki da suna ce. A wani horo da ta yi a Yamai ta ga tsoffin finafinan Turawa na kisa da bincike, waɗanda ke sa gaban mutum faɗuwa tun ba wanda ya buɗe baki. Malamin ya nuna musu sirrin: fitila ɗaya daga gefe, kyamara a ƙasa don mutum ya yi girma, inuwa ta riga mai ita isowa, fuska kuma a hana mai kallo har sai ya ƙagu. Ta dawo da ƙudurin yin nata.

Da tsakar rana ta ɗauka. Ta toshe rumfar ƙofarta da barguna, ta bar zana guda inda rana ke ratsowa. Mai takalman kuwa Baba Sanda ne, ƙanen mahaifinta, tela, wanda ya yi ta dariya yana ɓata mata ɗauka. Zuhura ce ta riƙe fitila, ƙawarta kuma ɗiyar kawun Alƙasim. Ita ce ta ce a tura mata farkon fim ɗin ta ƙara kallo, don ya burge ta.

Sai bayan tafiyar Hajo Fiddausiya ta tuna da wannan.

Ta kira Alƙasim, wanda ke tuƙin babbar mota a hanyar Arlit. Ba a ɗauka ba. Ta aika masa da sauran fim ɗin, inda kyamara ke ɗagowa ta nuna fuskar tsohon, saƙon bai shiga ba. Ya rufe lambarta.

Baba Sanda ya hau babur har Karofane ya rantse wa dangin Alƙasim. Suka ce ai dole uba ya rufa wa ɗiyarsa asiri.

Daga nan duniya ta yi mata shiru. Masu buki suka daina kiranta. In ta bi layi, mata kan rage murya. Takan zauna ita kaɗai gaban ordinata, wato kwamfuta, tana haɗa fim ɗin, in ta gaji ta kunna tsohon saƙon muryar Alƙasim.

"Abar ƙaunata, ki ci abinci fa... na san ki in kin kama aikin nan."

Takan saurara sau biyu, sau uku, sannan ta kife wayar. Ko hawaye ya ƙi zuwa.

Bayan girbin gero ta ji an ɗaura aurensa da Zuhura. Ranar ta gama haɗa fim ɗin.

An nuna shi wata la'asar a zauren matasa, an rufe tagogi da tabarmi. Da inuwar ta hau bango, zauren ya yi tsit, wata mata ta riƙe hannun ta kusa da ita. Da fuskar Baba Sanda ta fito rabi cikin haske, sai aka ɗauki sowa, ana kiran sunan tela.

Tana naɗe wayoyi bayan an watse ta ji mutum tsaye a bayanta. Alƙasim ne, ya rame, idanunsa jawur.

"Fiddausi... ashe Baba Sanda ne."

"Tun farko shi ne."

Ya ce kishi ne ya rufe masa ido, ya kalli abin nan ya fi sau ɗari a hanya, kullum yana ɗora wa mutumin fuskar wani. Ya ce yanzu ya gane Zuhura ce ta ƙulla abin, kuma ba zai kwana da ita gida ɗaya ba.

"Masoyiyata, ki gahwarta mini... mu koma yadda munka saba."

Har yanzu muryar nan tana taɓa ta. Amma ta ci gaba da naɗe wayar har ƙarshe.

"Na yafe maka, Alƙasim. Amma wata huɗu ina neman ka tambaye ni kalma ɗaya. Abin da ke tsakaninka da matarka naku ne, kar ka sa sunana ciki."

Ta rataya jakar kyamara, ta ɗauki ƙafafun da ake ɗora kyamarar a kai a kafaɗa, ta fita. Bai biyo ta ba.

A gida mahaifiyarta na tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta tambaye ta yadda aka yi.

"An tafa, Inna. Kowa ya tafa."

Ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado da jakar a jikinta, sai a lokacin kukan ya zo.