Wutar da Ta Dawo ta Bakin Kafireta

Rana ta kusa faɗuwa, bakanike yana nan duƙe a kan tsohuwar taraktar da ya gada daga mahaifinsa. Kwana uku ke nan tana masa taurin kai: ta yi tari, ta yi kamar za ta tashi, ta mutu. Ya kwance kafireta, mahaɗar mai da iska, ya wanke ta tas da fetur, ya hure ƙananan ramukanta, ya goge fulogi. Da abin ya ishe shi sai ya sassauta noti ya murɗa saitin wuta da ka, bai ko kalli alamar farin fentin da tsohon ya bari ba. Ya san ba haka ake yi ba. Ganda ce kawai.

Autarsa ta zo wucewa da bokiti, ya kira ta.

"Zo ki toshe min bakin nan da tafin hannunki, kafireta ta ja mai."

Ta toshe, ya murɗa makulli. Injin ya yi wata muguwar atishawa, wuta ta dawo baya ta bakin kafireta, ta lashe hannun yarinyar.

Da uwar ta fito a guje, bakinsa ya riga hankalinsa. "Ƙiriniyarta ce. Sai da na ce kada ta taɓa." Auta ta dube shi. Uwar tana shafa mata magani tana yi mata faɗa, shi kuwa kunya ta hana shi ɗaga kai.

Tun daga ranar gidan ya yi nauyi. Da magariba ta kawo jiki sai notuna su riƙa faɗowa kan rufin kwano, ɗaya bayan ɗaya. Taraktar da aka cire wa batir ta riƙa tari ita kaɗai a rumfa. Auta ta daina cin abinci, ta juya wa kowa baya, numfashinta yana warin fetur. A rana ta biyar aka ɗauko malami.

Malam ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago. Muryar wata tsohuwa ce ta fito daga bakinta.

"Shekara talatin ina zaune a tukunyar iskar taraktar nan. Uban wannan bakaniken bai taɓa bari wuta ta dawo min ɗaki ba."

"To me ya kai ki jikin yarinya?" in ji Malam.

"Tare muka ƙone. Na tarar da ita ba mai tsaya mata, sai na zauna. A ba ni hannun bakaniken na dama in tafi."

"Ba za ki samu ba. Faɗi wani."

Muryar tsohuwar ta sake fitowa.

"Ya mayar da saitin wuta kan alamar tsohon. Sannan ya faɗa wa matarsa wanda ya ce yarinyar ta sa hannu."

Bakanike ya durƙusa, ya faɗi komai, ya yi alkawarin gyara saitin. Matarsa ta toshe bakinta da mayafi. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale a kan tabarma, jifan ya tsaya.

Can ta buɗe ido, ba ta san abin da aka yi ba. Ta ga uwarta na hawaye tana kallon ubanta, irin kallon da ba ta taɓa yi masa ba. Ta miƙa hannun nan mai bandeji ta ja gefen zanenta.

"Inna, kada ki yi wa Baba faɗa," ta ce a hankali. "Ni ce na taɓa."