Waƙar Emilia a Bakin Tsuntsu

Da yamma na riƙe wa Malam Silvanus rikodarsa muka nufi bayan ƙauyen Madakiya. Shi malamin kimiyya ne a Kafanchan, ni kuwa a aji huɗu na tsaya. Shekara biyu ke nan da matata Emilia ta rasu a wajen haihuwa, ita da jaririn.

Wani ɗan baƙin tsuntsu muke nema, mai sheƙi kamar shuni. Malam ya ce sunan danginsu a littafi Vidua, amma raba su yana ba masana wuya, don duk kamarsu ɗaya.

"Da waƙa ake gane su, Dogara. A sheƙar wani tsuntsu uwar ke ajiye ƙwai. Ɗan kuma a cikin sheƙa kaɗai yake koyon waƙa. Ka ji waƙar, ka san wanda ya raine shi, sai ka rubuta jinsinsa."

Muka same shi kan ɗorawa, gefen maƙabartar coci. Ƙasa na ƙamshin ruwan jiya. Malam ya danna rikoda.

Tsuntsun ya fara.

Waƙar lallashi ce. Emilia ta ƙirƙire ta tana da cikin wata takwas, tana yi tana shafa cikin. Ban da ni ba wanda ya taɓa jin ta. Har wurin da numfashinta ke yankewa bai tsallake ba.

"Malam," na ce a hankali, "tsuntsun nan ƙyanƙyasar yaushe ne?"

"Ta bara."

"To wa ya raine shi?"



Tsuntsun ya sauka kan kabarinta, ya shige wani rami a gindin gicciyen. Na durƙusa, na kai kunne. Ɗumi ke fitowa, da ƙamshin man kaɗanya da nono.

Can ƙasa ana ci gaba da waƙar.

Wani abu yana tsotso.

"Emilia," na ce.

Waƙar ta tsaya.

"Baban yaro, ka daɗe."

Yatsu masu sanyi suka kama kunnena. Ƙasa ta fara lotsawa ƙarƙashin gwiwoyina. Malam ya fizgo ni ta kwalar riga, muka gudu muka bar takalmina.

Malam ya ƙona faifan. Gurbin suna a littafinsa ya bar shi fari, ya daina bin tsuntsaye. Kunnen nan nawa bai sake ji ba, kuma kullum ramewa nake.

Bana wani tsuntsu irinsa ya sauka kan dangata. Ya yi waƙarta har ƙarshe.

Sannan ya sake ta da muryata.