Sajan Ya San Fuskarsa

Jini na bin wuyana, amma ba ta shi nake ba. Lachlan nake kallo, mutumin da saura sati uku a ɗaura mana aure, ga kuma tsuntsun da ya tsaga mini kunne yanzun nan ya sauka a kan takalminsa yana rera masa waƙa.

Mu goma sha ɗaya ne a titin Ironbark ranar Asabar ɗin, duk 'yan ƙungiyar kula da tsuntsaye da itatuwa ta unguwarmu a Bendigo. Kowace Satumba, da sanyi ya ja baya tsuntsayen magfai suka fara ƙyanƙyasa, mukan bi titi-titi mu rubuta inda mazan ke kai wa mutane sura, a kafa allo yara su canza hanya. Kowa da robar askirim kife a ka, an zana mata idanu a ƙeya don tsuntsu ya zaci ana kallonsa. Tawa iska ce ta ɗauke, shi ya sa Sajan ya same ni.

Sajan kuwa, namijin magfai ɗin titin, ko ɗan yaye ya san shi. Kai tara ya fasa a bana, har da na mai kawo wasiƙu. Sheƙarsa tana kan doguwar bishiyar turaren da ke ƙofar gidan su Bronte, 'yar likitan dabbobi. Kuma a ƙungiyarmu babu wanda bai san magfai ba ya manta fuska ba, ba ya kuma ɗaga wa kowa ƙafa sai wanda ya daɗe yana ciyar da shi.

Lachlan ya sha gaya mini rabonsa da titin nan tun yana makaranta. Talata da Alhamis kuma, wai atisayen ƙwallo yake zuwa.

Tsuntsun ya ɗaga kai ya buɗe baki, yana jiran rabonsa.

Tsoho Merv, wanda ya shekara arba'in yana kallon tsuntsaye bai koyi kallon mutane ba, ya gyara tabarau ya ce, “Wannan ba sabon jiya ba ne. Wata shida ko fiye, kuma da nama a hannu.”

Bronte na jingine da ƙofar shingensu riƙe da kofin shayi. Ta yi mini murmushi mai sanyi.

“Sannu, Tahlia. Shigo a wanke miki... Lachie ya san inda akwatin magani yake.”

Na juya wajen Misis Pendergast, mahaifiyar Lachlan, shugabar ƙungiya. Ita ke raba tituna, ita ce kuma ta sauya ni zuwa Ironbark da safen nan. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ja layi a littafinta na ƙirga waɗanda Sajan ya fasa, ta ce, “Goma.”

Matar nan ba ta taɓa ƙaunata ba. Mamata shara take yi a makarantar firamare, muna zaune a gidajen gwamnati na bayan tasha, kuma wannan kaɗai ya ishe ta laifi. Shekara biyu ina cire ciyawa a bakin rafi, ina dasa itatuwa har farcena ya kakkarye, ina kai kek taro a dawo mini da shi ba a yanka ba, duk don ta daina ce mini “yarinyar nan”. Ranar na tafi gida a ƙafa, kunne a toshe da gyale, ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa.

Washegari da la'asar sai ga Lachlan da damin furen rawaya. Ya durƙusa a tsakiyar falonmu, idonsa jawur. Ya ce e, ya je gidan su Bronte, shingen babanta ya gyara, daga nan shaiɗan ya shiga, amma an gama tun tuni. Ya ce unguwa duk dariya ake mana, kuma motar amarya dole ta Ironbark za ta bi zuwa lambun da za a ɗaura auren. Sannan ya zaro takarda daga aljihu, ta hukumar gari. Wanda tsuntsu ya ji wa rauni in ya sa hannu, sai a zo a kama shi a kai shi nesa.

“Zuciyata, muddin yana can maganar nan ba za ta mutu ba. Ki sa hannu a ɗauke shi, mu fara daga farko.”

Na tuna masa dokar ƙungiya ta farko: ɗan ƙungiya ba ya kai ƙarar tsuntsu mai 'ya'ya a sheƙa. Ya ce ya yi magana da Mamansa, ta yarda za ta kau da kai, ai raunin a gabanta aka yi.

Mamata na tsaye a ƙofar kicin tana goge hannu. Ta ce, “Tahlia, duk unguwar nan tsuntsun can ne kaɗai ya gaya miki gaskiya. Shi za ki kora?”

Na ce ta bar ni, ba ta san so ba. Har yau ina jin kunyar wannan maganar.

Na sa hannu. Kada ku tambaye ni dalili, ina son sa ne kawai, irin son da ke sa mace ta ga rami ta ce inuwa ce.

Ranar Alhamis da safe mutumin hukuma ya zo da keji da ɗan niƙaƙƙen nama. An ce ko minti biyar ba a yi ba Sajan ya taka da ƙafarsa ya shiga, saboda an riga an koya masa cewa naman hannun mutum ba ya cutarwa. Matar Sajan ta yini tana kira daga kan waya. Juma'a Merv ya tsinci ɗaya daga 'ya'yan a gindin bishiya, tururuwa sun riga shi.

Asabar muka taru a ɗakin taron unguwa kamar kullum. Na shiga da kek ɗina, wawiya. Misis Pendergast ta miƙe riƙe da kwafin takardar, ta karanta ta tun daga kwanan wata har sunana, a hankali, tana tauna kowane harafi. Ta ce shekara talatin da kafa ƙungiyar ba a taɓa irin wannan abin kunya ba. Bronte, da ta zo kallo, har da share hawaye. Aka ce masu son a cire ni su ɗaga hannu, na ƙirga tara, na zuba wa Lachlan ido.

Ya kalli silin, sannan ya ɗaga nasa.

A wajen ajiye motoci na tare shi. Na ce ya koma ciki ya gaya musu wa ya kawo takardar, wa ya durƙusa, wa ya miƙo mini biro.

“Ni ban sa hannu a komai ba, Tali. Sunanki ne a kai.”

“Lachlan...”

“Mama ta ce macen da za ta raba uba da 'ya'yansa don an karce mata kunne, ba a san me za ta yi wa miji ba. Na yi tunani, gaskiya ta faɗa.” Ya miƙo tafin hannunsa. “Zoben na kakata ne.”

Yatsana ya kumbura, sai da na sa yawu ya fita. Ya tsaya yana jira, har ya duba agogo. Bronte na zaune a kujerar gaba ta motarsa, ta riga ta ɗaura bel.

Unguwa ta yanke hukunci a yini ɗaya: ni ce marar imani, shi kuma Allah ya tsamo shi. Ba wanda ya ƙara maganar Talata da Alhamis.

Ba su soke ranar ba, ba su soke lambun ba, kati kawai aka sake bugawa. Bayan sati biyu cif aka ɗaura auren Lachlan da Bronte.

Ina zaune a falo ranar, motoci na wucewa da hon, Mamata ta ajiye mini shayi. Sannan ta ce abin da ke damunta shi ne, a ƙasar nan ba a ɗaura aure sai an kai sanarwa wata guda kafin ranar.

Na ƙirga a yatsuna, na sake ƙirgawa. Ranar da ya durƙusa a kan kafet ɗin nan yana ce mini zuciyata, takardar aurensu ta riga ta kwana goma a ofis.