Makullin Ɗakin Zannuwan Inna

Ficika na zaune a kan 'yar kujera tana ɗauraye kofunan shayi, cikinta na wata bakwai ya hana ta sunkuyawa sosai, sai ga Yaya ta turo ƙofa. Ko gama sallama ba ta yi ba.

"Ina Auta?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Yana falo, yana fama da fanka."

"Kira min shi. Ke ma kada ki matsa, maganar taki ce."

Auta ya fito da sukudireba a hannu, murmushinsa ya tsaya a rabi da ya ga fuskar yayarsa. Su biyu rak Inna ta haifa, kuma tun rasuwarta, wata goma sha huɗu ke nan, Yaya ta zama uwa a wurinsa. In ta ce fari, ba ya cewa baƙi.

Inna tela ce, ta yi shekara talatin da ɗoriya a kan keke. Ciwonta ɗaya a duniya, ba ta iya wuce zane mai kyau. In ta fita sayen zare, da turmin atamfa take dawowa, ta ce, "Shi ya kira ni." Haka suka taru, wadrob ta cika, akwatuna uku suka cika, ƙarƙashin gado ya cika, har saman keken ba a bari ba. Ranar da aka dawo daga binne ta, Auta ya kulle ɗakin ya ce kada wanda ya sake taka shi. Gidan kuwa ɗaki biyu ne da falo. Duk lokacin da matarsa Ficika ta tambaye shi inda za a sa gadon jariri, sai ya ɗauki akwatin kayan gyaran lantarkinsa ya fice.

Yaya ta kwance bakin mayafinta, ta fito da wani ɗan ƙyalle rawaya mai zanen ƙananan tsuntsaye.

"Ka gane wannan? Ni na saya wa Inna da hannuna. A kwandon shararku na tsince shi wancan makon. Maƙwabciyarku kuma ta ce kowane wata tana jin ƙarar ƙofar ɗakin nan in ka fita aiki. Kai kana can saman tsani, ana nan ana yi wa kayan uwarmu yankan kabewa."

Auta ya juyo a hankali. "Kina shiga ɗakin?"

"Ina shiga," Ficika ta ce.

"Da wane makulli?"

"Inna ce ta ba ni, a asibiti. Ta ce in riƙa—"

"Ai dama," Yaya ta katse ta. "Wanda ya kwanta dama ba ya tashi ya ƙaryata kowa."

"Don Allah ka saurare ni, minti ɗaya kawai."

Bai saurara ba. Hannu ya miƙo mata. Ta ciro makullin daga igiyar da ke wuyanta ta ɗora masa a tafi, da ɗuminsa.

"In ni ce kai," in ji Yaya, "sai ta je gidansu ta huta har ta sauka. Ranar Asabar zan dawo mu duba abin da ya saura."

Bai ce ta tafi ba, bai kuma ce ta zauna ba. Wannan shirun shi ya fi yi mata ciwo. Kwana uku gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Ta ajiye masa abinci, ya ce ya ci a waje. Shi da ya saba kwantar da kunnensa a cikinta ya ce yana sauraren labarai, yanzu ko kallon wurin ba ya yi. Ta yi kuka a bayan ƙofar kicin har idonta ya kumbura, amma kowace safiya zai tarar da rigar aikinsa a goge, an ɗinke aljihun da filaya ke yagawa. Ba gorin Yaya ne ya dame ta ba, wannan ta sha shi shekara huɗu kafin Allah ya ba ta cikin. Abin da ke cin ranta shi ne mutumin da ya san ta ciki da bai, ya yarda za ta saci kayan matar da ta riƙe ta kamar ita ta haife ta. Inna ce ma ta laƙa mata sunan Ficika, saboda ƙanƙantarta.

Ranar Asabar da hantsi Auta ya buɗe ɗakin. Ya yi tsammanin ƙura da yanar gizo, sai ya ji ƙanshin kafur, ƙasa a share. Yaya ta buɗe wadrob ta shiga warware zannuwa ɗaya bayan ɗaya, tana neman inda almakashi ya bi. Atamfa, leshi, yadi, kowanne a cike, launinsa kamar jiya aka sayo. Ta zazzage akwati biyu, haka. Gumi ya fara karyo mata.

"Saura na ƙarfen," ta ce. "Nan ne masu tsadar."

Makullin wannan akwatin yana cikin makullan Auta tun ranar rasuwar, babu wanda ya taɓa shi. Da ya ɗaga murfin, wani warin danshi ya bugo su. Ya ɗauko farar shaddar da Inna ta fi so, ya warware. Duk inda aka ninka ta, layi ya fito jawur kamar tsatsa. Ya ɗan ja ta, sai ta tsage a kan layin, salin-alin. Na ƙarƙashinta kuma asu ya yi musu ɓula-ɓula.

Ya tsaya riƙe da tsagin biyu.

Daga bakin ƙofa Ficika ta ce, "Abin da Inna ta gaya min ke nan. Ta ce zane yana son iska kamar mutum, in aka bar shi a ninki ɗaya, a kan ninkin yake mutuwa. Ta ce in riƙa fito da su kowane wata, in kakkaɓe, in shanya a inuwa, in sake musu ninki ta wani wajen. Ta ce, 'Na san Auta, ba zai iya ba.' Sau uku ina fara gaya maka, sau uku kana ɗaukar akwatinka kana fita. Na roƙe ka makullin wannan ma, ka ce in bar zancen."

Yaya ta gyara tsayuwa, muryarta ta sauka amma ba ta saki ba. "To rawayar fa? Iska ce ta yanka ta?"

Ficika ta tafi ɗakinsu, ta dawo da wani ƙulli da ta ciro daga ƙarƙashin filo. Ta kwance a kan gadon Inna. Riguna ne guda biyu, kowace ba ta fi tafin hannu biyu ba, ɗaya an gama, ɗaya saura hannu.

"A cikin murfin keke na same su, a yanke, an kafe da fil. Ban iya taɓa keken ba, sai nake ɗinkawa da allura. Ƙyallen da kika gani, wuyan na rage."

Yaya ta juya rigar ta ciki. Ga shuɗin alli, ɗigo uku a jere a gindin wuya. Haka Inna take yi wa duk abin da ta yanka alama, haka ta yi wa rigunan 'ya'yan Yaya su biyar. Ta zauna a bakin gadon.

"Tun kafin a samu cikin ta yanka," Ficika ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Shekara huɗu ba ta taɓa ce min uffan a kan haihuwa ba. Ashe tana nan tana jira, ita kaɗai."

Yaya ta rufe fuska da 'yar rigar, kafaɗunta na girgiza. Da ta ɗago sai ta kamo hannun matar ƙanen nata. "Bakina ya riga hankalina, ƙanwata. Ki yafe min. Kewar uwa ce ta sa nake neman wanda zan huce a kansa."

"Babu komai, Yaya. Uwarmu ce duka."

Auta ya ajiye shaddar, ya zo ya durƙusa a gabanta, bai damu da idon yayarsa ba. "Ni da na kulle na kashe, ke da na zarga kin raya. Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba."

"Ni ma da laifina, da na tare ƙofa na sa ka ji dole. Tashi, Injiniya, ka fi kyau a saman tsani."

Ya yi dariya da hawaye a ido. "Sori, Ficika. Wallahi sori." Ya ciro makullin ya mayar mata a igiyar wuyanta da kansa. "Yanzu ke za ki faɗa. Yaya za mu yi da kayan nan?"

Ta dubi tulin da ke kan gado. "Inna ba don bango ta saye su ba. Yaya ta fara zaɓa, ita da yara. Sai 'yan matan da Inna ta koya wa ɗinki, kowace a ba ta abin da za ta fara da shi. Sai maƙwabta, da matan nan masu shara a asibiti da suka yi ta ɗawainiya da ita. Keken ya zauna, zan koya."

"Waɗanda na lalata fa?"

"Tsakanin layi da layi ai da sauran rai. A yanka su murabba'i, a haɗa, su zama abin shimfiɗar jariri."

Yaya ta share hanci. "Ni zan yanka. Ke hannunki rawa yake, kin ga yadda kika karkata wuyan nan?"

Sati biyu suka yi suna rabo. Auta da kansa yake ɗora ƙulli a bayan babur yana kaiwa gida-gida, kuma kowace ƙofa ya ƙwanƙwasa sai an ba shi wani labarin Inna da bai taɓa ji ba. Ɗakin ya sha fenti, gadon jariri ya shiga kusa da taga, keke na gefe.

Wata rana ya dawo daga aiki yana ta murmushi. "Yau na ga Inna sau uku," ya ce. "Koren leshin nan a jikin mai sayar da kayan miya, mai ganyen nan a jikin wasu 'yan biyu, shuɗin kuma yana tsallaka titi."

Da lokaci ya yi, Ficika ta haifi mace. A cikin rigar rawaya aka kawo ta gida, aka kwantar da ita a kan tsagin zannuwan kakarta, Yaya na tsaye tana hana kowa ɗauka sai ya wanke hannu.

Duk wanda ya taɓa rasa uwa ya san yadda zuciya ke so ta kulle komai ta riƙe makulli. Amma abin da aka ƙunshe shi ke ruɓewa, wanda aka fitar ya sha iska shi ke daɗewa, zane ne ko magana tsakanin miji da mata. Kada ka yanke wa naka hukunci kafin ka ji ta bakinsa. Mai haƙuri kuwa, ko an karɓe makulli daga wuyansa, da hannun da aka karɓa za a mayar masa. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu.