Ranar da Shatu Ta Kira Sunansa

"Ki ce saniya ce ta soke shi, shi ke nan. Mi zai rage ki?"

Sallau ke magana, gardin kwamandan Dogon Dutsi, wato dogarin Baturen da ke mulkin garin, tsaye a ƙofar ɗakin magani na 'yan mishan, yana gyara jar hularsa sai ka ce ita ta haife shi. Shatu ba ta ɗago ba. Tana durƙushe tana wanke bayan Baffa Umaru, tsohon Bafillace da bulala ta tsage tun daga wuya har ƙugu.

A gaban idonta anka yi abin, ranar kasuwa. Tsohon ya ƙi ba da ragonsa a banza, Sallau ya zare bulala. Da ɗan tsohon ya kai ƙara, shi anka jefa kaso, wai ya yi wa gardi ƙazafi. Gobe kwamanda zai ji shaida.

"Abar ƙaunata... lallenki fa ya kusa."

"Na sani, mai hula."

Haka take ce masa. Tun da anka yi baikonsu sunansa bai sake fita bakinta ba, yadda kowace ɗiyar mutunci ke yi a Arewa.

Ta so shi, ba ƙarya. Shi ya riƙa biyo ta majami'a duk Lahadi, ya zauna layin gaba, ya fi kowa wage baki wajen waƙa. Ashe bakin ne kaɗai ya tuba, hannun yana nan yadda yake.

A gida ta tarar da uwarta Hasiya zaune tsakiyar ƙoran da ta tara mata na ɗaki. Labarin za ta ba da shaida ya riga ta isowa.

"Ke ɗiyar nan, wa ya aike ki? Bafillacen nan ubanki ne?"

"Inna, ni na wanke ciwon."

"Wanki anka sa ki, ba surutu ba. Masera, sistar nan ta mishan, ta koya miki ɗaurin rauni, ba ta koya miki kashe aurenki ba."

"A Littafi, Inna, wanda ya tarar da mutum yashe a hanya bai tsallake shi ba. In na ɗaure bayan uban, na bar ɗan a kaso, mi na yi?"

Hasiya ta ja tsaki, ta juya mata baya.

Washegari gari ya taru a rumfar bariki. Kwamanda na zaune yana fifita, mutumin da ko gaisuwa bai iya ba, sai tafinta ya juya masa. Sallau na tsaye bayansa yana murmushi. Ya gama lissafinsa: ko ta faɗi gaskiya, iyaka ta ce "wani gardi", gardawa kuwa ga su nan reras, kowa da jar hula. Kunyarta ce mafakarsa, matsoracin banza.

Anka kira Shatu. "Kwamanda ya ce, wa ya doki tsohon?" in ji tafinta.

Shatu ta dubi Sallau.

"Sallau ne... Sallau ɗan Isa."

Mata sunka kama baki. Kwamanda bai ga komai cikin maganar ba, ya yi hamma, ya ce a saki ɗan tsohon. Amma duk wanda ke wurin ya gane auren ya mutu.

A bakin hanya Sallau ya tare ta, murya ta ƙanƙance.

"Shatu, sunana kika kira? Gaban mutane?"

"Na kira. Yanzu kai kamar kowa ne."

Kada wani ya ce an yi adalci. Faɗa kawai anka yi wa Sallau, hularsa na kansa, ragon kuma ya daɗe da shiga cikinsa. Ko sannu bai ce wa tsohon ba.

Shatu ta zaga bayan ɗakin magani ta yi kuka har idonta ya kumbura. Tana nan ta ji takun ƙafa. Hasiya ce, riƙe da babbar ƙwaryar nan mai zane da ta fi ji da ita, cike da ruwan ɗumi.

"Tunda ba ɗaki za ta ba, karɓi," ta ce, fuska a ɗaure, hawaye na zuba. "Share majinar nan. Tsohon yana jiranki."