Karcen da ke Cikin Jitar Yahuza

Tun da murfin robar da ke kare gaban jitar lantarkin ɗana Yahuza ya tsage, yaron ya daina barci, sai rama yake yi. Na yanko sabo a kasuwar Sara, na zauna a zaure da magariba ina ɗaurawa.

Wani dattijo ya tsaya bakin ƙofa, ba sallama.

"Malam Iliyasu, bar shi a buɗe. Ta nan nake fitowa wurinsa."

Bakinsa bai motsa ba. Daga kogon jitar muryar ta fito. Na juya tsohon murfin, sai ga sawun farce birjik, duk ta ciki.

Na ce, "Baba, ni na haife shi." Na murɗe sukurun ƙarshe tam.

Na ɗago, ba kowa a ƙofa. A cikin jitar aka fara karce.